Shaho a Gaban Labule

Shekara arba'in da ɗaya Mai Hoto ya yi yana gaya wa mutane yadda za su tsaya. Alƙali ya shigo shagonsa, ya ce masa ɗago haɓa, ya ɗago. Soja mai taurin kai ya shigo, ya ce masa haɗe gwiwa, ya haɗe. Duk wanda ya zauna kan wannan kujera mai jan yadi, a gaban labulen da aka zana wa matakalar bene da tukunyar fure da wani tafki mai shuɗin ruwa, to sai yadda Mai Hoto ya yi da shi. Kuma babu wanda ya taɓa fita da fuskar da ya shigo da ita. Mai ƙuraje ya fita sumul, mai hararar garke ya fita idonsa a saiti, tsohuwa ta fita an rage mata shekara goma ba tare da ta roƙa ba.

Sai waya ta zo, kowa ya zama mai hoto. Shagon ya koma wurin da tsoho ke zama yana karkaɗe ƙura daga kyamara, sai jefi-jefi mai neman hoton fasfo ya leƙo. A cikin waɗannan ma, biyu suka dawo a wata guda suna cewa an ƙi karɓar hotonsu, wai ya yi dishi-dishi. Labari ya kai kunnen 'yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda in sun ce a buɗe baki ba a tambayar dalili.

Ranar Asabar ta zo da mijinta cin abincin rana. Gidan a hawa na uku yake, shagon a ƙasa. Ta bari sai da aka kwashe kwanuka aka kawo shayi, sannan ta gyara zama.

"Baba, maganar shagon nan ce."

"Shago lafiyarsa ƙalau."

"Shago lafiyarsa ƙalau, mai shagon ne. Likita ya ce yanar ido ta fara rufe maka na dama. Hannunka kuma dubi yadda kofi ke rawa. Sau nawa kake hawa da sauka a matakalar nan kullum? Ka ba ni makullin, ka huta. Ka yi mai wuyar ai."

Mai Hoto ya ajiye kofin a hankali don kada ya ƙara ba ta hujja. Ya dubi matarsa, Hajiya, ko za ta tanka, sai ya ga ta duƙufa tana kaɗe wani abu daga zanenta wanda babu shi. Nan ya gane an gama shawara tun kafin a dafa abincin.

Surukin, malamin jami'a ne, abin da ya karanta tsuntsaye. A gabansa Mai Hoto na ce masa Dakta, a bayansa kuwa Likitan Tsuntsu. Mutum ne mai kunya, kuma shirun ya yi masa nauyi, sai ya nemi ya sauya magana.

"Hajiya, wannan shahon yana nan yana zuwa saman benenku?"

"Yana nan, ɗan nema. Kullum na yi shanya sai na tsince gashin tattabara a jikin kaya."

"Wallahi shekara biyu muna bin sa. Littafi nake haɗawa kan tsuntsayen da ke zaune cikin gari, shi kaɗai ya gagare mu. Ɗalibaina sun ɗauko shi ya fi sau ɗari, amma duk daga nesa, kamar ƙuda a jikin bango."

"Ni zan ɗauko maka shi," in ji Mai Hoto.

Dakta ya yi murmushi irin na ladabi, ya sunkuyar da kai. "Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai wannan ba irin aikinku ba ne."

Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Mai Hoto ya juya wajen 'yarsa.

"Uwata, kin ce ba ido, ba hannu. To ki ba ni wata ɗaya. In na kawo hoton tsuntsun nan, kusa da kusa, har ana ganin ƙwayar idonsa, ki bar ni da shagona. In ban kawo ba, ni da kaina zan kai miki makulli har asibiti."

Ta dubi mijinta. Mijin ya ɗan girgiza kai, alamar babu abin tsoro. Ta ce, "Na yarda, Baba. Wata ɗaya."

Washegari da hantsi ya hau saman bene. Fili ne na siminti, ga tankin ruwa a kusurwa, ga igiyoyin shanya, ga wani bututun ƙarfe da ya fito daga jikin tankin ya miƙe kamar hannu. Ya sayo tsoka mai kyau wajen mahauci, ya ɗora a faranti, ya koma gefe ya zauna da kyamara. Kafin azahar hankaki goma sha ɗaya sun ci sun gode. Kwana uku yana ciyar da hankaki. A rana ta huɗu Hajiya ta hau da bokitin wanki, ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, ni shekara nawa rabon da ka sayo mini tsoka irin wannan?"

"Aiki nake yi."

"Na gani. Shi dai mutumin naka ba ya cin abin da aka yanka masa. Da kansa yake kamo tattabararsa, ya zo kan wancan bututun ya fige. Kuma ba ya zuwa sai rana ta ɗan ɗaga, in inuwar tanki ta kai bakin magudanar can."

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Wa ya tambaye ni? Ni da ban iya hoto ba."

Ya duba ƙarƙashin bututun, sai ga gashi da 'yan ƙasusuwa, shaida ta tabbata. Ya tsaya ya kalli wurin da idon sana'a, ransa bai so ba. Bayan bututun babu komai sai bangon maƙwabta mai tsatsa da wayoyin lantarki a cukurkuɗe. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar ko ɗan akuya a gaban irin wannan bango ba. Ya sauka shago, ya kwance labulen nan mai matakala da tukunyar fure, ya naɗe, ya hau da shi yana hutawa a kowane hawa. Ya ɗaure shi a igiyar shanya ta bayan bututun, ya danne ƙasansa da bulo. Daga nan ya samo kwalin firiji, ya huda masa ƙofa daidai bakin kyamara, ya kafa taku huɗu daga bututun, ya sa kujera a ciki.

Shaho ya zo, ya ga an yi masa gyaran gida, ya yi shawagi biyu ya wuce. Kwana tara bai sauka ba. Mai Hoto na cikin kwali kullum tun sassafe, zufa na bin bayansa, gwiwa na ƙara, yana jin Hajiya na gaya wa maƙwabciya ta taga cewa maigidan ya tare a sabon gida, ɗaki ɗaya ne amma ba haya.

A rana ta goma ya ji wani fuu a sama da kansa, sai ƙarar ƙarfe. Ya sa ido a kyamara. Ga shi nan. Bai taɓa zaton haka yake ba. Ƙirji fari mai ɗigo-ɗigo, kafaɗa kamar ta ɗan dambe, tattabara a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Sai dai ya ba kyamara gefe, kansa a sunkuye yana figa. Mai Hoto ya saita, ya ɗora yatsa. Abin da ya rage ya danna kawai. Amma shekara arba'in da ɗaya ba wasa ba ce, bakinsa ya riga shi.

"Yauwa, ɗan juyo nan. Kar ka motsa."

Da ya ɗago, bututu ne kawai da gashi guda yana saukowa a hankali.

Bai gaya wa kowa ba. Kwana huɗu bayan nan shahon ya dawo. Wannan karon Mai Hoto ya yi wa kansa huɗuba tun daga matakala: ba magana, ba magana. Ya kuwa kame bakinsa, har tsuntsun ya ɗago kai ya fuskanci kwalin, haske ya zauna masa daidai. Sai ya ji wata murya tana cewa, "Ɗaya, biyu..." Kafin ya gane muryarsa ce, an tafi.

Wannan kam Hajiya ta ji, don tana bayan tanki tana matse zane. Ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti.

"Sabo turken wawa! Malam, da ka bari ya gyara hula tukuna."

"Ke dai Allah ya shirye ki."

"Amin, tare da masu ƙirga wa tsuntsu."

Amma da safe, da zai hau, ita ce ta miƙo masa tsohon kallabinta. "Ungo. Ɗaure bakin. Ni na san shi, ba ya jin magana." Ya karɓa yana harararta, ya hau. A cikin kwali, inda ba mai ganinsa, ya ɗaure.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ran nan shaho ya zo ba tattabara, ya tsaya daƙiƙa biyu ya tashi. Ran nan iska ta kayar da labule. Ran nan ya zo ya zauna tsaf, amma hannun tsoho ya yi ta rawa har hoton ya fito kamar an shafa masa mai. A wannan ranar ya daɗe a cikin kwalin bayan tsuntsun ya tafi, yana kallon hannun nasa. Ya tuna shagon da sassafe, yadda yake buɗe ƙofa ya share gaba, mai gyaran agogo na kusa ya ce masa an fito, ya ce an fito. In ya ba da makulli, wa zai ce masa an fito? Ya sauka ya ɗauko ƙafar kyamara mai reshe uku, ya ɗaure ta da bulo, ya haɗa 'yar igiyar dannawa yadda ba sai ya taɓa kyamarar ba.

Rana ta ashirin da shida, inuwa ta kai bakin magudana, shaho ya sauka da tattabara. Ya figa, ya ci, ya figa. Mai Hoto na numfashi ta cikin kallabi. Can wata mota ta yi ƙara a titi, tsuntsun ya ɗago, ya juyo, ya zuba wa ramin kwalin ido. Ido ne baƙi wuluk da rawaya kewaye da shi, babu kunya a ciki, babu neman a fito da kyau. Tunda yake ɗaukar hoto bai taɓa samun wanda ya kalle shi haka ba. Maganar ta taso, ta daki kallabi, ta koma. Ya danna. Ya sake dannawa. Sau bakwai, kafin shahon ya ɗauki sauran abincinsa ya tafi.

Ya sauko da kallabin a wuya, ya shige shago, ya sa katin kyamarar a kwamfuta. Na huɗun shi ne. Kowane gashi a fili, ƙwayar ido har ana ganin kwalin a cikinta, tukunyar fure ta faɗo daidai kafaɗar hagu kamar an auna. Ya jingina da kujera ya ce alhamdu lillahi.

Sannan ya matso ya fara dubawa da kyau, sai ya fara tsaki. Jini a baki. Wani gashin tattabara ya manne a gefen bakin kamar mutum ya ci abinci bai goge ba. Gashin wutsiya guda ya karye ya karkace. Abin da ke ƙarƙashin ƙafar kuwa ba ya nunuwa ga mai cin abinci. Kuma a ƙafar dama, ga wani ƙarfe kamar zobe ya naɗe ta, duk ya dushe, da 'yan rubuce-rubuce a jiki. Wataƙila garin yawonsa a bola ya sa ƙafa a ciki, bawan Allah.

Wannan hoton gidan suruki za shi, kuma cikin littafi. Mai Hoto ya naɗe hannun riga. Daga azahar zuwa la'asar ya goge jinin, ya cire gashin, ya miƙe wutsiya, ya share tattabarar ya mayar da bututun fes. Zoben ne ya fi ba shi wahala, don sai da ya aro fatar ƙafar hagu ya lulluɓe wurin, ɓawo bayan ɓawo, yadda ko uwar tsuntsun ba za ta gane ba. Ya ɗan ƙara wa ƙirjin haske. Da ya gama, ya yi abin da yake yi wa kowane hoto tun ranar da maigidansa ya koya masa sana'a: ya goge na asalin duka bakwai, daga kwamfuta har kati. Mai hoton kirki ba ya ajiye abin da zai kunyata wanda ya zauna masa.

Ya wanke shi babba, ya sa a firam mai ruwan zinariya, ya buga hatimin shago a baya.

Ranar Asabar, bayan shayi, ya jingina firam ɗin a kan kujera ya yaye zanen da ya rufe shi. Uwata ta dafe ƙirji. "Kai, Baba! Kamar zai yi magana."

Dakta ya tashi tsaye bai sani ba. Ya matsa, ya cire tabarau, ya mayar. "Baba, daga ina kuka ɗauki wannan?"

"Taku huɗu."

"Taku huɗu!" Ya durƙusa a gaban hoton. Ya kalli idon, ya kalli matakalar da tukunyar furen, sannan idonsa ya gangara ƙafa. Ya daɗe a wurin. "Ikon Allah. To ba shi ba ne. Wani ne daban. Namu yana da zobe a ƙafar dama."

"Shi ne mana. Ai na cire masa."

"Kun kama shi?"

"A hoto. Wani tsohon ƙarfe ne duk ya ɓata masa ƙafa. Ka duba, ko alama babu."

Dakta ya zauna a ƙasa, inda yake. Ya yi magana a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwa. Ya ce wannan zoben masu bincike ne ke sa wa tsuntsu tun yana cikin sheƙa, akwai lamba a jiki, lambar ce ke faɗin inda aka ƙyanƙyashe shi da shekarunsa da irin nisan da ya yi. Shekara biyu suna hango ƙyallin zoben daga nesa, ba su iya karantawa ba. Dalilin neman hoton kusa ke nan. Ba kyan tsuntsun ake nema ba.

"To me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Baba, ban zaci..." Ya kasa ƙarasawa. Kowa a ɗakin ya ji sauran.

"Ba komai," in ji Dakta da sauri, "a ba ni na asalin, wanda ba a taɓa ba."

"Na goge."

"A katin fa?"

"Har katin. Da jini a bakinsa fa, Dakta. Ka so in ajiye?"

Hajiya ta tafa hannu. "Garin gyaran gira an rasa ido."

"Amma kun ga lambar," in ji Dakta, yana kama duk abin da ya samu. "Da kuna gogewa ai kun gani."

"Na gani sarai. Akwai bakwai a ciki." Ya ɗan yi tunani. "Ko ɗaya ce."

Uwata ta dube shi irin duban asibiti. Ta ajiye kofinta. "Baba, ni fa ban san yadda za a yi hukuncin nan ba. An ce hoto don littafi, ga shi mai littafi ya ce ba shi da amfani. Kuma bakwai da ɗaya..." Ta buɗe tafin hannunta a kan gwiwa, ba ta miƙa ba, ba ta kuma rufe ba.

Mai Hoto ya ji makullin a aljihunsa ya yi nauyi. Yana shirin magana sai Dakta ya riga shi, da wata murya da ba a san shi da ita ba.

"A'a. Ba za a rufe shagon nan ba."

"Kai da ka ce..."

"Na ce, na janye. Kin san mutum nawa na tura benen nan da na kusa da shi? Matasa masu ido biyu garau, da kayan aiki na zamani. Babu wanda ya kai taku talatin. Baba ya zauna taku huɗu, tsuntsun ya saba da kwalinsa, ya saba da labulensa. In aka ɗauke shi daga nan, ni da lambar nan har abada." Ya juyo, har yanzu yana ƙasa. "Baba, don girman Allah ku sake hawa. Amma in kun ɗauka, kada ku taɓa komai. Jinin, gashin, zoben, duk yadda Allah ya yi shi. Ku zare katin kawai ku ba Hajiya ta ajiye mini."

"A kulle zan sa shi," in ji Hajiya.

Uwata ta dubi mijinta, ta dubi mahaifinta, ta dubi shahon da ke zaune gaban tukunyar fure kamar ango. Ta rufe hannunta. "Shi ke nan. Amma ranar Talata za mu je a duba idon, kuma ba na son musu."

"Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Dakta ya tashi yana kaɗe wando, fuskarsa ta saki. "Kuma Baba, in ya fito, shi zan sa a bangon littafin. Da sunanku a ƙasa, manyan baƙaƙe. Littafin nan har ƙasashen waje za shi."

Mai Hoto ya tsaya da hannu a kan firam. Ya hango abin: tsuntsu da jini a baki, wutsiya a karye, mushen tattabara a ƙasa, tsohon ƙarfe a ƙafa, sannan sunansa a ƙarƙashi, a hannun mutanen da ba su taɓa ganin aikinsa na gaskiya ba.

"Zan ɗauko maka, Dakta, tunda kai ne. Amma sunana kam a'a. Ka rubuta na wani ɗalibinka. Ni ina da mutunci a garin nan."

Ya ɗauki firam ɗin ya rungume, ya nufi matakala, don akwai wurin da ya dace da shi a tagar shago, inda masu wucewa za su gani.